MANHAJA ƊAYA DON DUKKAN SAƘONNI: KAYAN ARO BA YA RUFE KATARA

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk wanda ya ɗan zauna a rumfar wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari da ke Kano zai ga irin wahalar da wayar hannu take ba mutane a yau. Mai sarin kaya daga Anacha ya aiko saƙo ta WhatsApp, ɗan'uwa daga Ikko ya yi magana ta Messenger, ga masu tambayar kuɗin atamfa ta Instagram, ga kuma Telegram. Kafin mutum ya leƙa nan ya leƙa can, sai ciniki ya wuce shi. Wannan ne ya sa jama'a suke tambaya, shin ba yadda za a yi a tara waɗannan duka wuri guda?

To, akwai, kuma ba yau aka fara ba. Tun shekarar 2000 aka fito da wata manhaja ta kwamfuta mai suna Trillian a Amurka, wadda ta haɗa hanyoyin hira na wancan zamani, irin su Yahoo da MSN. A yanzu kuwa akwai irin su Franz da Rambox da Beeper.

Aikin nasu iri biyu ne. Franz da Rambox ba abin da suke yi illa su jera maka shafin kowane kamfani a fuskar kwamfuta, watau kamar ɗakuna da yawa a gida ɗaya, sai ka shiga kowanne da ƙafarka. Beeper kuwa gada yake ginawa. Yakan shiga akwatinka na WhatsApp ko Telegram a matsayin wata na'urarka ta biyu, ya kwaso saƙonnin ya zuba maka su a jeri guda.

Amma fa mai karatu ya lura, duk waɗannan baƙi ne a gidan wani, ranar da mai gida ya ga dama sai ya rufe ƙofa. An ga haka a watan Disamba na 2023, lokacin da Beeper ya fito da Beeper Mini don masu wayar Android su riƙa hira da masu iPhone ta iMessage. Cikin 'yan kwanaki kamfanin Apple ya toshe hanyar, yana mai cewa tsaron masu wayarsa yake karewa. Aka yi ta buɗewa ana toshewa, kafin watan ya ƙare Beeper ya haƙura. A watan Afrilu na 2024 kamfanin Automattic ya saye shi.

Matsala ta biyu ita ce ta sirri. Saƙon WhatsApp a kulle yake tafiya, ba mai iya buɗe shi sai wanda ya aika da wanda aka aika wa. In gadar tana kan kwamfutar wani kamfani, tilas a buɗe saƙon a can kafin a sāke kulle shi a miƙo maka, ka ga ke nan an sami na uku a tsakani. A watan Nuwamba na 2023 wani kamfanin waya mai suna Nothing ya janye manhajarsa ta irin wannan aiki jim kaɗan bayan fitowarta, domin masana sun gano ana iya karanta saƙonnin mutane. Saboda irin wannan tsoro ne a 2025 Beeper ya fara ɗora gadar a cikin wayar mutum. Ashe da gaskiyar Bahaushe da ya ce zuwa da kai ya fi saƙo.

Na uku, ba komai ne yake iya haye gadar ba. Rubutu da hoto sukan wuce, amma kiran murya da na bidiyo yawanci sai ka koma manhajar asali. Bugu da ƙari, in mutum ya yi kwana 14 bai buɗe WhatsApp a wayarsa ba, sai a sallami duk na'urorin da ya jona. Har ila yau ƙa'idar kamfanin ta hana shiga ta manhajar da ba tasa ba, kuma da yawa daga cikinmu sun san wanda aka rufe wa lamba saboda GB WhatsApp. Ga ɗan kasuwar da duk abokan cinikinsa suke kan lamba ɗaya, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Su kansu manyan kamfanonin ba su ɗokin haɗuwa. Kamfanin Facebook ya haɗa hirar Messenger da Instagram a 2020, alhali duka nasa ne, amma ya raba su a Disamba na 2023. A ƙasashen Tarayyar Turai sai da aka kafa doka wadda tun daga Maris na 2024 ta tilasta wa WhatsApp ya buɗe ƙofa ga wasu. Wannan doka kuwa ba ta shafi Nijeriya ba.

Saboda haka wanda yake son sauƙin ganin saƙonni wuri guda yana iya gwadawa, amma kada ya goge manhajojin asali daga wayarsa, kada kuma ya ɗora lambar da yake cin abinci da ita a kan gadar da ba shi ya gina ba. Lambobin abokan ciniki kuwa, a rubuta su a littafi a ajiye. Dabara dai ta rage ga mai shiga rijiya.