Maiƙon Omega: Abin Da Ya Kamata Mutanen Ka'oje Su Sani

Ba kowane maiƙo ke toshe jijiyoyin jini ba. Akwai wanda jiki ke matuƙar buƙata amma ba ya iya haɗa shi da kansa, sai dai daga abinci. George Burr da matarsa Mildred, masana a Amurka, su suka gano haka a 1929, da suka hana ɓeraye maiƙo kwata-kwata: fatarsu ta bushe, girmansu ya tsaya.

Maiƙon omega iri nawa ne?

Uku aka fi sani. Omega-9 na cikin man gyaɗa da man kaɗanya, kuma jiki na iya haɗa nasa. Omega-6 dole a ci shi, amma yana nan birjik a gyaɗa, riɗi, agushi da waken suya. Gidan da ake miyar taushe ko ake barbaɗa ƙuliƙuli a kwaɗo ba zai rasa waɗannan biyun ba. Inda gizo ke saƙar shi ne omega-3, domin man gyaɗa da man ja kusan babu shi a cikinsu.

Mene ne amfaninsa?

Omega-3 kashi uku ne: ALA daga tsirrai, sai EPA da DHA daga kifi. DHA na cikin ginin ƙwaƙwalwa da sashen ido mai karɓar haske, kuma jariri na tara shi sosai a watanni ukun ƙarshe na ciki da lokacin shan nono. Abin da mai juna biyu da mai shayarwa suka ci shi ke kai wa ɗansu. Ga manya kuwa, EPA da DHA na rage wani nau'in kitse a cikin jini. Tun a shekarun 1970 likitoci biyu 'yan ƙasar Danmak, Bang da Dyerberg, suka danganta ƙarancin ciwon zuciya tsakanin mutanen Girinlan da yawan cin kifi da naman dabbobin teku.

A ina za a same shi?

Kogin Kwara ta ƙasar Bagudo, inda Ka'oje take, yake shigowa Najeriya daga kan iyakar Jamhuriyar Benin da Nijar, don haka kifi ba baƙo ba ne a kasuwanninmu. Tarwaɗa, ƙurungu, karfasa da giwan ruwa duk suna da omega-3, sai dai kifin kogi bai kai na teku ba. Titus na ƙanƙara da sadin na gwangwani sun fi su nesa ba kusa ba. Ƙananan kifaye irin su kawara, waɗanda ake ci har kai da ƙaya, suna da ƙarin riba: sinadarin ƙarfafa ƙashi.

Waken suya da mansa da awara na da ALA, amma kaɗan ƙwarai jiki ke iya mayarwa EPA da DHA. Nonon saniyar da ke kiwo a daji ya fi na mai cin dusa omega-3, amma bai isa ya maye gurbin kifi ba.

Nawa ya isa?

Ƙungiyar kula da lafiyar zuciya ta Amurka na ba da shawarar cin kifi sau 2 a mako, kimanin giram 100 kowane ci, wato yanka kamar tafin hannu. A gida mai yara da yawa, a daka bandar kifi a zuba a miyar kuka ko ta kuɓewa, kowa ya samu rabonsa, maimakon a ware wa maigida shi kaɗai.

Yadda ake dafawa da ajiya

Wannan maiƙo ba ya jure zafi mai tsanani da daɗewa a iska. Dafawa cikin miya, farfesu da gashi sun fi suya a man da aka yi ta maimaitawa har ya yi baƙi. Bandar da ta fara wari ko ta yi ɗaci, maiƙonta ya lalace. A guji wadda aka fesa wa maganin ƙwari don korar ƙuda da tsutsa.

To, ƙwayoyin man kifi fa?

Wani babban gwaji mai suna VITAL, da aka yi kan mutum kusan 26,000 a Amurka aka fitar da sakamakonsa a 2018, bai nuna cewa shan ƙwayar kullum na rage manyan cututtukan zuciya ga masu lafiya ba. Yawan shanta ma na iya rikita bugun zuciya. Mai juna biyu, mai ciwon zuciya da mai shan maganin tsinka jini su tuntuɓi likita tukuna. Sauran jama'a kuwa, kuɗin ƙwayar gara a sayo kifi da shi ranar kasuwa.