Girgizar Ƙasa da Tashar Nukiliya: Darasi Daga Fukushima da Onagawa



'Yan'uwa, tashar nukiliya tana samar da lantarki ne ta hanyar fasa ƙwayoyin yuraniyom a cikin wata babbar tukunyar ƙarfe. Zafin da ke fita ya tafasa ruwa, tururin kuma ya juya injin. Ana kafa tashar a kan dutse mai ƙarfi, a sa mata na'urorin da ke jin motsin ƙasa. Da zarar girgiza ta wuce wani mizani, sai tukunyar ta tsaya da kanta.

Amma tsayawar ba ta kawar da haɗari. Kamar garwashi ne bayan an janye itace: makamashin yana ci gaba da fitar da zafi na tsawon lokaci. Dole famfuna su riƙa zagaya da ruwan sanyaya shi, famfuna kuwa sai da lantarki.

A nan aka samu matsala a Japan ranar 11 ga Maris, 2011, lokacin da girgiza mai ƙarfin maki 9 ta auku a teku. A tashar Fukushima Daiichi, tukwane uku da ke aiki sun tsaya yadda aka tsara. Wutar waje ta yanke, janaretocin dizal suka tashi. Cikin kusan awa guda sai igiyar tsunami mai tsayin kimanin mita 14 ta iso, alhali shirin tashar bai wuce na igiyar mita 5.7 ba. Ruwa ya shanye janaretocin da aka ajiye a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, sanyaya ta tsaya, makamashin tukwane uku ya narke. Fiye da mutum 100,000 suka bar gidajensu saboda tururin guba.

Tashar Onagawa kuwa ta fi kusa da cibiyar girgizar, amma ta tsira. Tun wajen gini aka ɗora ta a kan tudu mai tsayin kusan mita 15, saboda an san yankin ya sha fama da tsunami a baya. Igiyar ba ta kai saman tudun ba, har mutanen garin da suka rasa matsuguni suka fake a harabar tashar. A 2012, kwamitin binciken majalisar dokokin Japan ya bayyana cewa bala'in Fukushima akwai hannun ɗan Adam a cikinsa, domin da an yi tanadi da an kauce masa.

Wannan magana ta shafe mu. Ghana na shirin gina tashar nukiliya, kuma girgizar ƙasa ta taɓa rusa gidaje da kashe mutane a Accra a 1939. Haƙƙin jama'a ne su tambaya: an binciki tarihin girgiza a wurin da aka zaɓa? Ina za a ajiye janaretocin gaggawa? Hukumar sa ido tana da 'yancin hana aiki idan ta ga gyara?

Girgizar ƙasa ikon Allah ce, babu mai hana ta. Amma kare rai yana cikin manyan manufofin shari'a, tawakkali kuma ba ya inganta sai da riƙo da sababi. Allah ya kare mu daga bala'o'i, ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana. Amin.