Yamai: Gidan tarihin da yara ke zuwa ganin dinozor

Duk wanda ya kai yara gidan tarihi na ƙasa na Bubu Hama a birnin Yamai, to ya shirya amsa tambayoyi. An buɗe gidan a 1959, akwai zakuna da dorina da kuraye, ga rumfunan maƙera da dukawa, amma ƴan lakwal da suka saba ganin dinozor a talabijin ba su tsayawa sai gaban manyan ƙasusuwan nan.

Abin da yawancinsu ba su sani ba shi ne dabbobin ƴan gida ne. A Gadufawa, cikin hamadar Tenere a jihar Agadas, aka haƙo Ouranosaurus, wanda masanin Faransa Philippe Taquet ya raɗa wa suna a 1976. Tsawonsa ya kai mita 7, ciyawa yake ci, kuma yana da dogayen ƙasusuwa jere a gadon baya. Ya rayu kimanin shekara miliyan 110 da suka wuce, lokacin da wurin da yau babu komai sai rairayi yake cike da koguna da itatuwa. Wannan ne ke ɗaure wa yara kai, har ma da manya.

Sai Sarcosuchus, mai ƙoƙon kai da ya zarce mita ɗaya da rabi. Iyaye da yawa kan ce wa yara dinozor ne, alhali kuwa dangin kada ne. Gara a gyara musu tun a nan, don yaron da ke son waɗannan dabbobi ba ya manta abin da aka faɗa masa.

In yaro ya tambayi ina suka tafi, amsar masana ita ce wani ƙaton dutse ya faɗo daga sararin sama a yankin Mekziko shekara miliyan 66 da suka wuce, yanayi ya rikice, suka ƙare. Tsuntsaye ne kawai suka tsira daga zuriyarsu, wato kazar gidanku ma jikanyarsu ce.

Sai dai ba duk arzikin ne ke Yamai ba. Nigersaurus, mai haƙora fiye da 500, wanda Ba'amurke Paul Sereno ya sa wa sunan ƙasar a 1999, yaran Amurka sun riga na Nijar ganinsa, domin an kai ƙasusuwan da tawagarsa ta haƙo birnin Chicago don bincike. Sereno ya gabatar da shirin maido su tare da gina musu mazauni a Yamai da Agadas. Ƙashin da ya shekara miliyoyi a ƙarƙashin ƙasa yana saurin rugujewa in zafi da ƙura suka same shi, saboda haka maganar ɗaki mai kyau da ƙwararrun ma'aikata ba ta wasa ba ce.

Masu niyyar kai yara su yi sammako kafin rana ta take, su riƙe ruwan sha da takarda da fensir na zane, kuma a ja musu kunne kada su taɓa ƙasusuwan.