Amfilifaya da Lasifika: Daidaita Ƙarfinsu a Mota

A tashar motar Illela, inda ake lodin fasinja zuwa Sakkwato da Birnin Ƙonni, da wuya a rasa direban da ya ƙara wa rediyon motarsa amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti. Akasari akan saya ne bisa ƙatuwar lambar da ke jikin kwali, alhali wannan ƙarfin ɗan lokaci ne kawai. Wadda ta cancanci dubawa ita ce mai alamar RMS, ƙarfin da na'ura ke bayarwa ba yankewa. Lasifika mai wat 50 RMS, daidai da ita amfilifaya mai kimanin wat 50 a kowace kafa.

Abin mamaki, ƙaramar amfilifaya ma tana kashe lasifika. In aka murɗa ta fiye da iyawarta, sai sauti ya dagule, naɗin wayar cikin lasifika ya ɗau zafi har ya ƙone. Sai batun juriya: yawancin lasifikokin mota om 4 ne, amma biyu da aka haɗa kafaɗa da kafaɗa kan koma om 2, su ja wuta ninki biyu. A zafin Afrilu, amfilifayar da ba don haka aka ƙera ta ba, ba ta kai labari.

Shi kuwa kunne ba a sayar da kayan gyaransa a kasuwa. Ninka wat desibel 3 kacal yake ƙarawa, amma yana rage rabin lokacin da kunne ke jurewa: awa 8 a desibel 85, awa 4 a 88. Ƙwayoyin ji masu gashi, waɗanda ke can cikin kunne a sashe mai siffar katantanwa, in sun mutu ba sa sake tsirowa a jikin ɗan Adam.