Gawon Magarya da iyakar ƙaddara

A shekarar 1984 damina ta yi gardama a kudancin Nijar, gero ya bushe tun bai fid da kai ba, ga kuma Nijeriya, ƙarƙashin mulkin Buhari, ta rufe iyakarta tun watan Afrilu. Mutanen Magarya da Dungas da Guci, waɗanda kasuwarsu da danginsu ke tsallaken iyaka wajen Ɓaɓura da Maigatari, suka rasa inda za su sa kansu, shi ya sa har yau ake kiran yunwar da sunan El-Buhari. Shekara goma kacal ke tsakaninta da farin 1973 zuwa 1974. Gonaki sun zama fili fetal, iska na binne shuka da rairayi, manomi ya yi shuka sau biyu sau uku kafin ta tsaya. Dattawa suka ce hamada ce ta taso, sai haƙuri. Masana na ƙasashen waje ma, da taswirorinsu, kusan maganar da suke yi ke nan. Amma duka sun haɗa abu biyu a buhu guda: rashin ruwa, wanda babu mai iko da shi sai Allah, da rashin itace a gona, wanda hannun mutum ne ya jawo shi.

Tun dokar da Faransa ta kafa a 1935, itatuwa masu daraja suka zama na gwamnati, ko da a tsakiyar gonarka suka tsiro, kuma dokar 1974 ba ta sauya wannan ba. A wancan lokaci, in ka sare reshen gawon da ka raina da hannunka, ma'aikacin gandun daji na iya cin ka tara. Wa zai raini abin da ba nasa ba, wanda kuma zai ja masa tara? Sai manomi ya riƙa cire tsiro tun yana ƙarami lokacin sassabe, malaman gona kuma suna yaba masa cewa gonarsa ta yi tsaf. Da wahala ta yi tsanani, hannun hukuma kuma ya yi sanyi a ƙauyuka, manoma suka juya dabara. In an zo sharar gona, sai mutum ya duba kututturen da ke tofo, ya zaɓi reshe ɗaya zuwa biyar masu ƙarfi, ya sassabe sauran, ya aske na ƙasa don ya miƙe. Wannan shi ne sassaben zamani, wanda Tony Rinaudo ya yaɗa a jihar Maraɗi daga 1983, amma a ƙasar Damagaram, inda Magarya take, yawanci manoma ne suka koya wa junansu. Ba baƙon abu ba ne ma, domin ana ba da labarin cewa Sarkin Damagaram Tanimu, a ƙarni na 19, yana hukunci mai tsanani ga wanda ya sare gawo. Dalili a fili yake: gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, da rani kuma 'ya'yansa su ciyar da awaki. Binciken da Mahamane Larwanou da Chris Reij suka yi a 2006 ya gano cewa a Magarya da Matamaye da Mirya kaɗai, itatuwa sun dawo a gonaki kimanin hekta miliyan 1.

Wani zai ce ai ruwa ne ya dawo bayan 1990, itace kuwa ya bi ruwa, ke nan ƙaddarar ce dai ta juya. Gaskiya ne damina ta ɗan gyaru. Sai dai hotunan sama da Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka ya kwatanta sun nuna itatuwa sun fi yawa a gonakin da jama'a suka fi cunkoso, ba a dajin da babu kowa ba, kuma a wurare da dama sun fi yawa ta ɓangaren Nijar fiye da tsallaken iyaka, alhali hadari guda ke shayar da su. Da ruwa kaɗai ne, da bai san iyakar ƙasa ba.

Wani kuma, daga zauren malamai, zai ji tsoron kada wannan magana ta zama ja da hukuncin Ubangiji. Tsoron ya dace, domin yarda da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, rukuni ne na imani. Amma Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke, bai kuma ɗauki hakan ja da ƙaddara ba, Annabi Yusuf kuma ya tara hatsin shekarun yalwa don shekarun fari. A ganina ma manomin Guci da ya bar gawo shi ne ya fi kowa yarda da abin da ba ya sauyawa. Ya daina jiran daminar kakanninsa ta dawo, ya karɓi cewa fari zai sake zuwa, ya shirya masa. Wanda ya aske gonarsa ƙwal yana fatan alheri shi ne bai karɓi gaskiya ba tukuna.

Suka mafi nauyi ita ce itace bai kori talauci ba. Ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da 900,000 a Magarya da Dungas, gonar gado kuwa kullum ƙara tsagewa take yi tsakanin 'ya'ya. Ɓangaren yara na asibitin Magarya, inda ƙungiyar likitocin MSF ke aiki, yana cika maƙil duk lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya haɗu da tamowa a ƙarshen damina. Kuma ba kowace zabura ce ke kai mutum tudun mun tsira ba: a watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwaki 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, galibi mata da yara 'yan yankin Kance da suka fita neman abinci. Uwar da ta binne ɗanta tana bukatar dangana, kuma wanda ya raina wannan bai san zafin rashi ba. Amma dangana bayan rashi take zuwa. Kafin nan akwai gidan sauro, akwai maganin rigakafin zazzaɓi da ake raba wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 wata-wata da damina, akwai kai yaro likita ranar farko ba ta huɗu ba. In an ce "kwanansa ne ya ƙare" a gidan makoki, ta'aziyya ce. In jami'in da ya bar ɗakin magani babu magani ne ya faɗa, mafaka yake nema.

Dokar gandun daji ta 2004 da kuma dokar da gwamnatin Nijar ta sa wa hannu a watan Yulin 2020 sun amince wa manomi da haƙƙi a kan itacen da ya raina. Rigimar da ta rage yanzu ta ɓarayin itace ce da ke sara da dare, da makiyayan da ke sassaƙe rassa, da yadda za a raba gawo biyar tsakanin magada takwas, kuma a fadar mai gari da ofishin magajin gari ake yanke ta.