Gambarar Zamani: Daga Ba da Shaida Zuwa Akwatin Zaɓe

A shekarar 1989 wani babban jami'in hukumar FBI ta Amurka ya aika wa kamfanin da ke sayar da faifan ƙungiyar N.W.A wasiƙar gargaɗi, saboda wata waƙa da matasan garin Compton suka yi suna zargin 'yan sandan Los Angeles da cin zalin baƙar fata. Mutane da yawa a lokacin sun ɗauki waƙar a matsayin rashin kunyar yaran titi. Shekara biyu bayan haka, a watan Maris na 1991, wani mutum ya ɗauki bidiyon 'yan sanda suna jibgar wani baƙar fata mai suna Rodney King da kulake yana kwance a ƙasa. Da kotu ta wanke su a Afrilun 1992, birnin ya kama da wuta, fiye da mutum 50 suka mutu. Abin da aka kira ƙarya a bakin mawaƙa sai ga shi duniya ta gani da idonta. Wannan shi ne aikin farko na mawaƙin hip hop mai kishin jama'a: ya ba da shaida tun kafin hukuma ta yarda cewa akwai laifi. Sai dai shaida ita kaɗai ba ta yanke hukunci, kuma tarihin wannan waƙa ya nuna cewa ba ta zama ƙarfi sai masu yin ta sun sauko daga dandamali sun tsara mutane.

Asalin gambarar zamani, wato hip hop, kiɗan shagali ne. An fi danganta haihuwarta da wani biki da DJ Kool Herc ya yi wa kiɗa a unguwar Bronx ta birnin New York a watan Agustan 1973, lokacin da gidajen unguwar ke ƙonewa, masu su na gudu, ayyukan yi sun ƙaura. A 1982 ne ƙungiyar Grandmaster Flash and the Furious Five ta fitar da "The Message", wadda ta bar zancen rawa ta shiga bayanin talauci, da bashi, da makarantar da ba ta koyar da komai, da yaron da zai ƙare a kurkuku. Public Enemy ta ɗora a kai a ƙarshen shekarun 1980, jagoranta Chuck D yana kwatanta wannan waƙa da tashar labaran baƙar fata, tunda manyan kafofin watsa labarai ba sa leƙa unguwanninsu sai an yi kisa. Tupac Shakur, wanda mahaifiyarsa Afeni 'yar jam'iyyar Black Panther ce, ya yi waƙa a 1991 kan yarinya 'yar shekara 12 da aka yi wa ciki aka yasar. A 2015 masu zanga-zangar adawa da kisan baƙar fata suka riƙa rera "Alright" ta Kendrick Lamar a kan tituna, kuma a 2018 ya karɓi lambar Pulitzer. Shekara talatin da shida ke nan tsakanin "The Message" da lambar yabon, amma ƙorafin bai canza ba. Shaida ta taru, hukunci ya yi nawa.

Wanda ke son ganin inda waƙar ta wuce shaida sai ya dubi Senegal. A watan Janairun 2011, ana fama da ɗaukewar wutar lantarki a Dakar, mawaƙan ƙungiyar Keur Gui, wato Thiat da Kilifeu 'yan garin Kaolack, suka haɗu da ɗan jarida Fadel Barro da wasu abokansu suka kafa Y'en a Marre, ma'ana abin ya ishe mu. Ba su tsaya ga fitar da faifai ba. Sun riƙa shiga unguwanni da motocin haya sanye da baƙaƙen riguna, suna rera baituka cikin harshen Wolof, in jama'a ta taru sai su juya magana zuwa katin zaɓe: wa ya yi rajista, wa bai yi ba, ina ofishin yake. Sun kafa rassa unguwa-unguwa. Ranar 23 ga Yunin 2011, da Shugaba Abdoulaye Wade ya kai majalisa ƙudurin da zai ba ɗan takara damar lashe zaɓe da kashi 25 cikin ɗari kacal, suna sahun gaba cikin dubban da suka yi wa majalisar ƙawanya har ya janye shi. A watan Maris na 2012 Wade ya sha kaye a zagaye na biyu a hannun Macky Sall, ya kuma miƙa mulki.

Burkina Faso ta ɗauki darasin. A 2013 mawaƙin gambara Smockey da mawaƙin rege Sams'K Le Jah suka kafa Balai Citoyen, suka ɗauki tsintsiya alama, domin tsinke ɗaya ba ya shara sai an ɗaure shi da 'yan'uwansa. Da Shugaba Blaise Compaoré ya nemi sauya sashe na 37 na tsarin mulki don ya zarce, mata suka fito titunan Ouagadougou riƙe da muciya, matasa riƙe da tsintsiya. Ranar 30 ga Oktoban 2014 aka cinna wa majalisa wuta, washegari ya sauka bayan shekara 27 a kan karaga.

Akwai masu cewa bai dace a nemi gyaran al'umma a bakin masu waƙar da ta yi suna wajen batsa, da zagin mata, da yabon bindiga ba. Zargin yana da tushe, kuma N.W.A ɗin da ta faɗi gaskiya kan 'yan sanda tana da baitukan da suka wulaƙanta mata, waɗanda babu mai hankalin da zai kare su. Amma gyaran ya fara ne daga cikin gida. Bayan an harbe abokin aikinsa Scott La Rock a 1987, KRS-One ya tara manyan mawaƙa suka yi waƙar kiran a daina kashe juna a 1989. Queen Latifah ta mayar wa masu zagin mata martani a 1993 da waƙar da ta ci lambar Grammy. Kasuwa ce ke tura batsa gaba domin ita ke kawo kuɗi da sauri, kuma wanda ya yi wa duka sana'ar kuɗin goro ya taimaki kasuwar wajen binne masu gaskiya.

Ƙalubale na biyu ya fi nauyi. Ana iya cewa me aka samu? Mulkin Macky Sall ya ƙare cikin zanga-zanga da asarar rayuka da rikicin ɗage zaɓe a 2024, Burkina Faso kuma ta ga juyin mulkin soja har sau biyu a 2022. Gaskiya ne. Amma wannan hujja ce kan iyakar aikin, ba kan rashin amfaninsa ba. Mawaƙi na iya tada mutane daga barci ya kai su rumfar zaɓe, ba zai iya rubuta kasafin kuɗi ko ya kori 'yan bindiga daga ƙauyuka ba. Kuma matasan Senegal da suka koyi cewa ƙuri'a na cire shugaba a 2012 ba su manta ba, domin a 2024 sun sake kayar da jam'iyya mai mulki a akwati.

Masu mulki kansu sun fi kowa sanin nauyin abin. Tunisiya ta kama mawaƙi El Général a Janairun 2011, kwanaki kaɗan kafin Shugaba Ben Ali ya tsere. Sojojin fadar shugaban Burkina sun kai wa situdiyon Smockey hari a yunƙurin juyin mulkin Satumban 2015. Iran ta yanke wa mawaƙi Toomaj Salehi hukuncin kisa a 2024 kafin kotun ƙoli ta soke shi. A Nijeriya, Eedris Abdulkareem, haifaffen Kano, ya fusata Shugaba Obasanjo da "Jaga Jaga" a 2004, hukumar NBC kuma ta hana sa wata waƙarsa a rediyo a 2025. Ba a ɗaure mutum saboda maganar da ba ta da tasiri.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage. Ya san bambancin maroƙin da ke wasa mai kuɗi don a yi masa liƙi da irin su Sa'adu Zungur da Mudi Sipikin, waɗanda baitukansu suka tafi kafaɗa da kafaɗa da gwagwarmayar talakawa ta zamanin NEPU. Ma'aunin da ya raba su shi ne ya kamata a auna mawaƙin gambara da shi, ko a Bronx yake ko a Kaolack: wa yake yi wa magana, me ya yarda ya rasa saboda ita, kuma idan an kashe amsa-kuwwa jama'a sun watse, ina ya ce su haɗu gobe da safe?