Tartibi Kafin Na'ura: Yadda Ake Fara Koyon Rubuta Manhaja

Daga cikin ilmomin da wannan zamani ya zo da su, da wuya a sami wanda ya fi firgita mai farawa kamar ilmin rubuta manhajar kwamfuta, alhali kuwa in aka dubi asalinsa da idon basira, ba wani abu ba ne face mutum ya jera umarni ɗaya bayan ɗaya, cikin tartibin da ba ya barin ƙofa ga shubuha, har na'urar da ba ta da hankali ko kaɗan ta bi shi ta isa ga abin da ake nufi. Kwamfuta ba ta san niyya ba, ba ta kuma yi wa kowa uzuri; abin da aka rubuta mata shi take zartarwa, daidai ne ko kuskure.

Rukunan da ake ɗora ɗalibi a kansu uku ne: jera umarni, gindaya sharaɗi, da maimaita aiki har sai an cika wata iyaka. A ganina sharaɗi ne ya fi cancantar a daɗe a kansa, domin a nan ne tunanin ɗalibi yake buɗewa, kuma ɗan da ya taso a gidan da ake karanta fiƙihu ya riga ya san shi tun kafin ya ga na'ura. Ɗauki mas'alar gado: idan mamaci ya bar ɗa ko 'ya, matarsa tana da sumuni, idan kuwa bai bari ba tana da rubu'i. Malami ya sa ɗalibi ya rubuta wannan hukunci a takarda da Hausa, ya bayyana abin da za a tambaya da farko, da inda hanya take rabuwa biyu, da adadin da zai fito a kowane ɓangare. Sa'an nan ya ce masa, to, in matan su uku ne fa, yaya za a raba? Wanda ya warware wannan da kansa ya riga ya rubuta manhaja, saura kawai ya mayar da ita harshen da na'ura take ji. Wannan dangantaka tsakanin gado da tartibin lissafi tsohuwa ce, domin Muhammadu ɗan Musa al-Khawarizmi, wanda ya rayu a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun a ƙarni na 9, ya keɓe kaso mai yawa na littafinsa na aljabara ga lissafin wasiyya da gado, yana warware su mataki bayan mataki.

Game da harshen da za a fara da shi, masana sun daɗe suna neman sauƙi ga mai koyo. A 1964 John Kemeny da Thomas Kurtz suka ƙirƙiro BASIC a Kwalejin Dartmouth ta Amurka don ɗaliban da ba na lissafi ba. A 2007 jami'ar MIT ta fito da Scratch, inda yaro yake harhaɗa tubalan umarni a allon kwamfuta maimakon buga haruffa. Ga ɗan sakandare da na jami'a kuwa, Python, wanda Guido van Rossum na ƙasar Holan ya fitar a 1991, ya fi dacewa, saboda nahawunsa gajere ne.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake tsallake babin kuskure. Manhaja takan ƙi aiki saboda baka guda da aka manta, na'ura ta fito da saƙo da Turanci mai wuya, ɗalibi ya yanke ƙauna ya ɗauka kansa ne ba ya ja. Wajibi ne malami ya zauna da shi su karanta saƙon nan tare, su bi manhajar layi layi da fensir suna rubuta yadda kowane adadi yake canzawa, har su kama inda ta ɓace. Wannan aiki ba ya jiran wutar lantarki, don haka makarantunmu da na'ura ta yi wa ƙaranci ba su da hujjar jinkirta shi. Malamai su fara da allo da takarda tun wannan zango.